Fayil ɗin Noreen Tackett

Shekara ashirin da shida ke nan ina riƙe da ɗakin ajiye bayanan marasa lafiya a asibitin garin Pine Ford, kuma ba a taɓa kama ni da sakin takardar wani ga wanda bai cancanta ba. Ku tambayi kowa a garin, sunana Lorna Haugen. Na san mai basir, na san wadda ta yi ɓari ba ta gaya wa mijinta ba, na san dalilin da ya sa faston cocinmu ya daina shan kofi. Duk Lahadi ina gaisawa da su, ina kallon tsabar idonsu kamar ban san komai ba.

Asibitinmu ƙarami ne, likita uku kacal, a can ƙuryar arewacin Amurka inda dusar ƙanƙara ke cinye rabin shekara. Amma tun da majalisar jiharmu ta yi dokar da ta hana mu miƙa wa kotunan wasu jihohi bayanan masu karɓar maganin sauya jinsi, filin ajiye motocinmu ya cika da motoci masu lambobin wasu jihohi. Mutum ya yi tuƙin awa shida ko bakwai don ya ga Dokta Moua na minti ashirin, ya juya. Ni dokar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Abin da na shekara ashirin ina yi da taurin kaina, yanzu gwamnati ta tsaya a bayana.

Noreen Tackett tana cikin na farko-farkon zuwa, tun kafin a yi dokar. An haife ta namiji, an raɗa mata Neil, ta yi aure da wannan sunan, har suka haifi 'ya mace, Josie. Shekara biyar da suka wuce ta fara zuwa wurin Dokta Moua daga jiharsu, kuma matarta ta lokacin, Shawna, ita ke rako ta. Doguwa ce, mai manyan hannaye, ita ke kula da ma'aunin manyan motoci a wani rumbun hatsi. Ba ta da yawan magana, sai dai in an taɓo Josie, to a nan sai ka nemi kujera. Auren bai kai ba, suka rabu shekara uku da suka wuce. Kotu ta ba Noreen yarinyar duk bayan mako biyu, daga Juma'a zuwa Lahadi, kuma wannan kwana biyun su ne rayuwarta.

A watan Oktoba sammaci ya iso teburina daga wata kotu ta jiharsu. Shawna ta sake aure, ta zama Misis Dillard, kuma tana neman a soke kwanakin Noreen da yarinyar gaba ɗaya. Lauyanta na son fayil ɗin Noreen, daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Na kai wa lauyar asibitinmu takardar, ta duba, ta ce dokar ta rufe mu, in rubuta musu amsa. Na rubuta layi uku. Bayan kwana biyu sai ga waya.

"Misis Haugen? Sunana Culpepper, lauyan Misis Dillard. Ina jin ba ki gane irin takardar da na aiko miki ba."

"Na gane ta sarai, Mista Culpepper. Tana da hatimi mai kyau."

"Umarnin alƙali ne."

"Alƙalinku. Mu nan muna da namu, kuma bai ce mini komai ba."

"Kin san za a iya tuhumarki da raina kotu?"

"To sai ka zo ka tafi da ni. Amma ka zo da riga mai kauri, ku mutanen can ba kwa jure sanyinmu."

Ya yi ta karanto mini sassan doka, ni kuma ina ta feƙe fensir. Da ya gaji ya tambaya ko zan iya tabbatar masa cewa mutumin ma yana zuwa asibitinmu. Na ce ko kai ne ke zuwa, ba zan gaya wa matarka ba. Ya kife wayar.

Na ba da labarin nan a ɗakin shan kofi, na ba da shi a coci ba tare da sunan kowa ba, na ba wa ƙanwata ta waya har sau biyu. Kowane bayarwa amsata na ƙara kaifi. Na yarda na yi alfahari, kuma har gobe ina ganin na cancanta.

Sai dai mu mutanen nan muna da wata cuta da babu dokar da ta yi mata magani: ba mu iya cewa a'a ido da ido. A waya mu zakuna ne, a takarda kuwa ba a magana. Amma mutum ya tsaya a gabanmu da ladabi, dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗarsa, sai bakinmu ya mutu. Abin da za ka ji shi ne, "To, bari mu ga abin da za a iya yi." Kuma duk wanda ya ce maka haka a garin nan, ya riga ya fara yi.

Ranar wata Alhamis a tsakiyar Nuwamba na fita da tsakar rana na kai kwanon dankali da nama coci, don an yi rasuwa a gidan su Engstrom kuma layina ne. Awa ɗaya na yi. Da na dawo, ina karkaɗe takalmi a bakin ƙofa, sai idona ya faɗa kan wata ƙatuwar ambulan a kan kantar karɓar baƙi. Na san ambulan ɗin ɗakina ko a cikin duhu. Bev Lindgren, wadda ke zama a kantar tun shekarar da na fara aiki, tana lasar bakin ambulan ɗin za ta liƙe.

"Ke Bev, ta wace ce wannan?"

"Yauwa, gara da kika dawo. Sa hannunki kawai ake jira." Ta rage murya. "Ta Noreen ce. Matarta ce ta zo karɓa."

"Wace matar?"

Ta nuna ɗakin jira da haɓa. Shawna na zaune kusa da taga, ba ta ko cire rigar sanyi ba, kofi a hannu ɗaya, ɗan farantin kek ɗin lemun tsami na Bev a kan gwiwarta. Ta rame fiye da yadda na san ta.

"Kin haukace ne? Wannan ba matarta ba ce, ita ce ta kai ta kotu."

"Ai tana da takarda, Lorna. Na duba, irin tamu ce, da sa hannu da komai. Kuma awa shida ta yi a hanya, ita kaɗai, cikin wannan ƙanƙarar. Me zan ce mata, ta juya?"

"Da kin ce ta jira ni."

"To ai jiran naki take yi. Na dai buga mata ne don kar ta daɗe."

Bev ke nan. In ɓarawo ya shigo gidanta, za ta tambaye shi ko ya ci abinci. Na fizge takardar daga hannunta ina shirin in nuna mata inda ta lalace, don na tabbata akwai. Takardun izini irin wannan shekara ɗaya suke yi su mutu.

Na karanta. Takardarmu ce ta ranar farko, ɗaya daga cikin tulin da muke dungura wa sabon mara lafiya ya sa hannu, babu mai karantawa. "Na yarda a bai wa matata, Shawna Tackett, duk bayanan lafiyata." A ƙasa akwai akwati biyu, ɗaya na shekara guda, ɗaya kuma "har sai na soke a rubuce". An yi alama a na biyun. A gefen shaida kuwa, ga sunana raɗau da hannuna.

Nan take ranar ta dawo mini. Su biyun suna tsaye a wannan kantar, Shawna na riƙe da jakar Noreen. Ni ce na ɗora yatsa a kan akwati na biyu na ce, "Ki zaɓi wannan, ya hutar da ke cikewa duk shekara." Haka nake gaya wa kowane ma'aurata, don ni ma ya hutar da ni. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa aure na mutuwa takarda ba ta mutu ba.

Kunya ta kama ni har cikin wuya. Dokar da nake ta tinƙaho da ita ta hana alƙali, ta hana lauya, ta hana ɗan sanda, amma ba ta hana mutum bayar da nasa da hannunsa ba. Culpepper ya gane haka. Ya daina buga ƙofar gaba, ya turo matar da muka ba mabuɗi da kanmu.

Kunyar dai ba ta kai ta hana ni tunani ba. Na ɗauki ambulan ɗin na rungume a ƙirji, na leƙa ɗakin jira.

"Misis Dillard, sannu da hanya. Ki ɗan ba ni lokaci, sai na duba kafin ta fita."

"Matar can ta ce an gama."

"Ta gama nata. Saura nawa."

Ƙa'ida ta ba ni kwanaki kafin in amsa irin wannan buƙata, don haka babu mai tilasta mini yau. Amma kwanakin za su ƙare takardar na nan da ranta, kuma ba ni da ikon kashe ta. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya. Na shiga ɗakina, na rufe ƙofa, na kira Noreen.

Sau huɗu wayarta na shiga ba a ɗauka. Lokacin kwasar masara ne, na san motoci sun yi layi a kan ma'auninta. Na nemo lambar rumbun, wani mutum ya ɗauka yana tauna wani abu, na ce a ce wa Noreen Lorna ce, kuma ba zan ajiye ba. Bai tambaye ni Lorna daga ina ba, da ma ba zan faɗa ba.

"Lorna? Lafiya? Awon jinina ne?" Ana jin rurin injina a bayanta.

Na sa ta faɗi ranar haihuwarta kamar yadda ƙa'ida ta ce, ko da yake na san muryar. Sannan na gaya mata komai, har da akwatin da yatsana. Ban yi wa kaina sassauci ba.

Ta yi wata 'yar dariya ta gajiya. "Shawna ta tuƙa har can? Ita da ke tsoron ƙanƙara?"

"Tana nan zaune. In kina so a tsayar, sai kin soke a rubuce, da sa hannunki."

"Bar shi kawai, Lorna. Ki ba ta."

"Me kika ce?"

"Na ce ki ba ta. Na gaji da ɓoye-ɓoye. Me ke ciki? Allura da awon jini. Duk garin nan sun san ko ni wace ce, direbobi ma sun gaji da tsokana ta. In na hana, lauyanta zai tashi ya ce akwai abin da nake ɓoyewa. Ba na jin kunyar komai a fayil ɗin nan."

Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da yadda mutanen kirki ke miƙa wuya don kar a ce sun cika rigima. Na so in daka mata tsawa. Amma ba a ɗauke ni aiki don in ba da shawara ba, kuma ranar da na fara zaɓar wa mutane abin da za su yi da sirrinsu, ranar na tashi daga mai ajiya.

"Naki ne, ke za ki yanke," na ce. "Amma ba na sakin fayil sai mai shi ya san abin da ke ciki. Shafi casa'in da huɗu ne. Ki saurara."

"Lorna, mota goma sha ɗaya ke jira na."

"Su jira, masara ba ta gudu."

Na buɗe ambulan ɗin na fara karanto mata kanun shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ganawar farko. Awon jini. Takardar magani. Awon jini kuma. Tana ta cewa "uhm, uhm," ina jin tana yi wa wani direba magana a gefe. Na kai shafi na arba'in da ɗaya.

"Arba'in da ɗaya zuwa arba'in da uku. Ganawar gaggawa da Dokta Moua, watan Fabrairu, shekara huɗu da suka wuce."

Ba ta ce uhm ba. Na ji an rufe wata ƙofa, ƙarar injinan ta ragu.

Na san abin da ke cikin shafukan nan uku, ni na jera su. A lokacin mahaifin Noreen ya ce kar ta sake taka gidansa, wurin aikinta na dā sun sallame ta, auren kuma ya fara tsagewa. Ta gaya wa likita cewa ta fara tunanin Josie za ta fi samun sauƙin rayuwa in babu ita a duniya. Dokta Moua ta rubuta maganar kalma da kalma, kamar yadda ya kamata, aka yi mata abin da ya dace, ta fita daga wannan rami. Daga shafi na arba'in da huɗu zuwa ƙarshe babu komai sai lafiya. Amma lauya ba zai karanta wa alƙali shafi hamsin na lafiya ba. Uku zai karanta, a hankali, da babbar murya.

"Na manta an rubuta wannan," in ji Noreen.

"Komai ana rubutawa."

"Shawna ce ta kawo ni ranar. Ita ta tuƙa, ta riƙe hannuna tun daga gida."

"Na sani, na gan ku."

"Ba za ta yi mini haka ba."

"Noreen, tana ɗakin jira tana cin kek ɗin Bev."

Da ta sake magana muryar ta canza, ta koma irin wadda take tsayar da direba da ita.

"Me zan rubuta?"

"Sunanki, ranar yau, da cewa kin soke duk izinin da kika taɓa ba Shawna. Ki sa hannu. Kuna da faks a ofishin?"

"Muna da wani tsoho."

"Mu ma tsoho ne namu, za su fahimci juna."

Minti bakwai na tsaya a kan injin nan ina kallonsa. Duniya ta ci gaba, kowa na yi mana dariya wai asibitoci ne kaɗai suka rage da faks, amma ranar na so shi kamar ɗan cikina. Ya yi tari, ya fara turo takarda. A kan tikitin awon masara ta rubuta, don ga layukan nauyin mota nan sun fito a gefe. Rubutun manya-manya, sa hannun irin na cikin fayil. Na buga masa hatimin ranar da lokaci, ƙarfe biyu da minti goma sha takwas, na sa a gaban fayil ɗin.

Bev ta leƙo. "Lorna, in je in gaya mata? Zan ce injinmu ne ya lalace."

"Ba abin da ya lalace. Zauna."

Na roƙi Shawna ta biyo ni ƙaramin ɗakin da muke zama da iyalai, don ba a irin wannan magana a gaban masu tari. Ta zauna a bakin kujera, jakarta a kan cinya. Ni ma 'yar garin nan ce, cutar da ke jikin Bev tana jikina, na ji "bari mu gani" na taso mini a maƙogwaro. Na haɗiye ta.

"Misis Dillard, ba zan ba ki ba. An soke takardarki."

"Yaushe?"

"Minti biyar da suka wuce."

"Kiran Neil kika yi."

"Ina kiran duk mai fayil kafin fayil ɗinsa ya fita."

Na zaci za ta tashi da faɗa, na ma shirya. Sai ta yi murmushi mara daɗi tana kallon jakarta.

"Kin san ina cikin ɗakin ranar, ko? A kunnena Neil ya faɗa wa likitar. Ba na buƙatar takardarku, zan iya tashi a kotu in faɗa da bakina. Dokarku ba ta kai nan ba." Ta taɓa leɓenta.

"Gaskiya ne, ba ta kai ba. Bakinki naki ne."

"To me kika tsare?"

"Abin da aka ba ni ajiya. Ke abin da kika ji, a matsayin matarta kika ji shi, ke kika san yadda za ki yi da shi. In za ki faɗa, ki tashi ki faɗa tana zaune tana kallonki. Amma ba da takardata ba."

Ta buɗe jakar, ta rufe.

"Shi ya sa na yi tuƙin awa shida," ta ce a hankali. "Culpepper ya ce in akwai takarda, shi zai karanta, ni ba sai na buɗe baki ba. Josie za ta girma wata rana ta nemi sanin wanda ya faɗa. Na so a ce takarda ce."

Na zo da shirin in tsane ta, kuma abin ya ƙi.

"Kina ganin muguwa ce ni," ta ce.

"Ba a biya na in ga komai."

"Duk bayan mako biyu ina sa 'yata a motarsa, in tsaya a bakin titi har su ɓace. Kin san abin da ke zuwa raina? Wannan ranar. Yadda ya zauna a gefena awa shida bai ce uffan ba. Mijina na yanzu yana da nasa dalilan, mutanen cocinsu ma suna da nasu, rigar mata da sabon suna da duk wannan. Ni ba ruwana da riga. Ni daga Juma'a zuwa Lahadi ba na iya cin abinci." Ta ɗago ta dube ni. "Ki bar takardar, na haƙura. Ke dai ki gaya mini, mace da mace, babu mai ji. Yanzu lafiyarsa ƙalau? Abin bai dawo ba?"

A shekara ashirin da shida ba a taɓa yi mini tambayar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Amsar na bakina. Shafi hamsin na karanta da idona, shekara huɗu babu ko girgiza. Kalma ɗaya zan furta matar nan ta koma gida ta ci abinci, wataƙila ma ta kira lauyan ta ce a bar maganar. Kalmar za ta taimaki Noreen fiye da duk abin da na yi ranar. Ko gyaɗa kai ya isa.

Amma tikitin masara na gaban fayil ɗin da hatimina a kai. Ni na sa aka rubuto shi. Bai ce a ɓoye mummuna a saki mai kyau ba, cewa ya yi duka. Kuma in na gyaɗa kai yau don amsar ta yi daɗi, gobe wata za ta yi mini irin tambayar a kan wani, in ƙi gyaɗawa, shiruna ya zama amsa. Na riƙe wuyana kamar an kafe shi da ƙusa.

"Ba zan iya gaya miki komai ba, Misis Dillard."

"Ko eh ko a'a?"

"Ko eh ko a'a."

Idonta ya ciko. Na ga ta ɗauki shirun nawa da mummunar fassara, kuma ba ni da halin gyarawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau in na tuna yana yi.

"Shekara nawa rabonki da ki tambaye ta da kanki?" na ce.

"Ba ma magana sai ta hannun lauyoyi."

"To ni ba zan amsa ba, lauya bai sani ba. Saura mutum ɗaya, kuma kina da lambarta."

Ta miƙe, ta gyara rigarta. Da muka fito, Bev ta riga ta naɗe mata sauran kek ɗin a takarda, ta bi ta har ƙofa tana gaya mata wace hanya aka share, wace ce ba a share ba. Shawna ta karɓa ta yi godiya, don ita ma an yi mata tarbiyya.

Na koma ɗakina na zuba shafi casa'in da huɗun nan a injin yayyaga takarda, goma-goma, ina tsaye har ya cinye. Sannan na jawo kabad ɗin takardun izini. Na ƙudura kafin Kirsimeti sai na kira duk wanda na taɓa nuna wa akwatin nan na biyu, kuma da na ƙirga sun haura ɗari uku.

Tagar ɗakina na kallon filin motoci. Motar Shawna na nan ba ta motsa ba, hayaƙi na fita ta bayanta, ƙanƙara na taruwa a kan rufin. Ina iya hango ta a ciki da waya a hannu, tana kallonta kawai. Na yi kira biyu, na ɗago, wayar ta koma kunnenta. Na yi na uku da na huɗu da na biyar.

Bev ta shigo da kofi, ta tsaya a bayana tana leƙe. "Kina ganin lauyan take kira?"

Na sake dubawa. Shawna ta kifa goshinta a kan sitiyari, kafaɗunta na rawa, wayar na manne a kunnenta, kuma ta fi minti arba'in a haka.

"Babu mai yi wa lauya irin wannan kukan," na ce. "Ja labulen, Bev, ba namu ba ne."